ABDUL KARIM, BAƘON DA YA BI TURBAR TASAWA

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa yin sammako daga ƙauyenku domin ka ci kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ka san turba. Ka san tsamiyar da ake hutawa a inuwarta. Ka san rijiyar da ake shayar da jaki. Ka san kufan da ba kome a cikinsa sai kuka guda tsaye. Amma ko ka san wanda ya haƙa rijiyar? Ko ka san abin da ya tashi mutanen kufan? Da yawa daga cikinmu ba mu sani ba, gama tsofaffin da suka sani sun tafi, ba mu kuwa tambaye su ba.

Wannan ɗan littafi labarin wani baƙo ne wanda ya tambaya. Ya bi ta ƙasarmu a shekarar 1851, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa. Sunansa Heinrich Barth, mutumin Jamus. A ƙasashen nan kuwa an san shi da suna Abdul Karim.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Barth a birnin Hambug, a ƙasar Jamus, ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ubansa ɗan kasuwa ne, ya kuwa ƙudura ɗansa zai yi ilimi. Yaron ba mai yawan abokai ba ne. Littattafai ne abokansa, yana kuma da baiwar koyon harsuna. Ya shiga jami'ar Balin a 1839. A 1844 ya gama, bayan da ya yi rubutu a kan cinikin tsohon birnin Koranti, wato birnin nan da Manzo Bulus ya aika wa wasiƙu.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga ƙasashen bakin Bahar Rum. Ya bi ta Tunis da Tarabulus har Masar, ya ga Falasɗinu da Suriya. A hanyar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa duk da takardunsa. Ya warke, ya ci gaba. A cikin wannan tafiya Larabcinsa ya nuna.

Ƙetare Hamada

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya aika mutane zuwa ƙasashen kudu da hamada. Shugaban tafiyar James Richardson ne, mutumin da cinikin bayi ya dame shi ƙwarai. Begensa shi ne, in an buɗe hanyar cinikin halal, cinikin 'yan Adam zai mutu. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus a farkon 1850.

Kusa da Gat akwai wani dutse wanda Abzinawa ke cewa gidan aljannu ne. Aka gargaɗi Barth kada ya hau. Bai ji ba, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, ya kwana cikin rairayi. Ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Kashegari da yamma wani Ba'abzine ya bi sawunsa ya same shi kwance, rai a hannun Allah. Daga ranar ya san cewa ilimin jami'a ba ya maye gurbin ɗan gari.

A bakin ƙasar Abzin wasu mahara suka kewaye su, suka ce ko su bar addininsu ko a kashe su. Su ukun suka ƙi. A ƙarshe aka karɓe babban rabo daga cikin kayansu, aka bar su da rai. Suka isa Tintellus, wurin wani tsohon shugaban Abzinawa mai suna Annur. Daga can Barth ya tafi Agadas a watan Oktoba, 1850. A kan takarkari ya fara wannan tafiya, takarkarin kuwa ya kā da shi. Har yau ana nuna gidan da ya sauka a Agadas.

Abin da ya fi amfani a watannin nan shi ne, ya zauna ya koyi Hausa. Abzinawan da yake tare da su suna jin Hausa, haka bayinsu da barorinsu. Saboda haka sa'ad da ya iso ƙasarmu, yana iya gaisawa da mutane, ya yi tambaya da bakinsa, ba sai da tafinta ba.

Tare da Ayarin Gishiri

A watan Disamba suka bi ayarin gishiri zuwa kudu. Kowace shekara Abzinawa sukan ɗauko kantu daga Bilma a kan raƙuma dubbai, su kawo ƙasar Hausa, su koma da gero da tufafi. Wannan ayari shi ne ya tattake manyan turbobin da suka ratsa ƙasarmu daga arewa zuwa kudu. Inda akwai rijiya, nan zango yake. Inda zango yake, nan kasuwa takan tsiro.

A Damargu, cikin watan Janairu, 1851, baƙin uku suka rabu, gama guzurinsu ya yi ƙasa. Suka yi alkawari za su haɗu a Kukawa ta Barno. Richardson ya nufi Damagaram. Bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris. Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir. Barth kuwa ya bi ayari zuwa Kano, hanyar kuwa ta Tasawa ce.

Ga yadda yake aikinsa. Yana tafe da agogo da wata 'yar na'ura mai nuna arewa. Duk inda turba ta karkata, sai ya duba ya rubuta. In an wuce ƙauye ya tambayi sunansa. In an wuce rijiya ya duba zurfinta. In ya ga itace ya nemi sunansa da Hausa. Da dare, sa'ad da 'yan ayari suke hira a bakin wuta, shi yana gyara abin da ya rubuta da rana. Haka ya yi shekara biyar.

Kwanakinsa a Tasawa

Bayan watanni cikin duwatsu da rairayi, ƙasarmu ta faranta masa rai. Ya ga gonaki da kututturen gero. Ya ga rumbuna a ɗage bisa itace saboda gara da ɓera. Ya ga goriba da tsamiya mai faɗin inuwa. Ayarin ya yi zango a wani ƙauye kusa da Tasawa wanda ya rubuta sunansa Gozenakko. Mata suka fito da tallar gujiya da daƙuwa, zangon ya zama kasuwa.

Tasawa ce babban gari na fari da ya gani a ƙasar Hausa.  A lokacin sarkinta yana bin Sarkin Katsina na Maraɗi. Barth ya zaga garin lungu lungu. Ya kwatanta gidajen, da danga, da ɗakuna, da itacen inuwa a tsakar gida inda ake karɓar baƙi. Ya ga marina. Ya ga kasuwa cike da shanu da abinci, har da soyayyar fara. Abin da ya fi shiga ransa shi ne sakin fuskar mutanen garin da yadda kowa ke cikin sana'arsa.

Ya ga abin baƙin ciki kuma. A kasuwar nan ana sayar da mutane kamar yadda ake sayar da dabbobi. Bai ɓoye wannan ba, mu ma kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu. Turbar da ta kawo gishiri ita ce ta kai 'ya'yan mutane arewa, ba su komo ba.

A Tasawa ne ya ga yadda ake ƙirga wuri, kuɗin wancan zamani. A ƙasar nan ba a shirya wuri a zare, sai a ƙirga shi da hannu, biyar biyar. Wuri 20 shi ne hauya. Hauya goma kuwa tsibi guda ne na 200. Ya tarar da wani attajiri da mataimakansa suna ƙirga wuri 500,000. Ka tuna, a Kano wuri 2,500 ne ke sayen azurfa guda ta Turawa. Yau yaranmu sun san wuri a wuyan jariri ko a jikin ƙwarya, amma ba su san da shi kakanninsu suka sayi hatsi suka biya sadaki ba.

Kukar Ɗankama

Daga Tasawa ayari ya sauka Gazawa. Ya tarar da garin a kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, gama yana bakin iyakar yaƙi. Ga dalilin. Wajen 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka gudu arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsu a Maraɗi. Tun daga nan hari bai tsaya ba tsakanin Katsina da Maraɗi. Ƙasar da ke tsakaninsu, wadda dā take cike da garuruwa, ta koma daji. Ba mai ratsa ta sai cikin babban ayari, da sauri, da makamai a hannu.

A tsakiyar dajin nan 'yan ayari suka nuna masa wata ƙatuwar kuka tsaye ita kaɗai. Nan ne kufan Ɗankama, garin da Sarkin Katsina ya fake a ciki bayan an kore shi daga birni, inda kuma aka bi shi aka ci garin. Ba ganuwa, ba ɗaki, sai kukar. Da Barth bai tambaya ba, da itace kawai ya gani ya wuce. Da yake ya tambaya, ya sami tarihin ƙasa a gindinta. Daga baya mutane suka sāke zama a Ɗankama, tana nan a bakin iyaka wajen Nijeriya.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Kuka ba ta cika tsirowa da yawa inda mutum bai taɓa zama ba. In ka ga kukoki a tsakiyar gona, ga kuma tsingaro a ƙasa, to, ka tsaya a kan gidan wasu.

Sauran Tafiyar

A Katsina Sarki Muhamman Bello ya tsare shi 'yan kwanaki, sai da ya ba da kyautai ya sami hanya. Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, ba shi da kuɗi, ga zazzaɓi. Duk da haka ya zaga birnin ya zana taswirarsa, ya rubuta labarin saƙa da rini da fatauci. Ya isa Kukawa a watan Afrilu, Shehu Umar ya karɓe shi. A watan Yuni ya kai kogin Binuwai da Yola.

Akwai abin da ya zame masa tabo. A ƙarshen 1851 shi da Overweg suka bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, rundunar kuwa ta kamun bayi ce. Ya ce ba wata hanyar ganin ƙasar sai wannan. Ya ga an ƙone garuruwa, an karkashe maza, an kora mata da yara. Ya rubuta duka, bai rage ba. Amma masu yaƙi da bauta a Ingila sun zarge shi saboda ya bi su, zargin kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa.

Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba, 1852. Barth ya rage shi kaɗai. Maimakon ya koma gida, sai ya fuskanci yamma. A farkon 1853 ya sāke ratsa ƙasarmu daga Damagaram ta Gazawa zuwa Katsina. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno. A Gwandu aka ba shi aron wani tsohon littafin Larabci na tarihin Sangai, ya kwafi abin da ya iya. Ya ƙetare Kwara a Sayi. Da ya matso Tambutu tsoro ya sa ya ɓoye ko shi wane ne, ya ce shi sharifi ne mai kai wa shehu littattafai. Wannan ba gaskiya ba ce, asirin kuwa bai daɗe ba ya tonu.

Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853. Da aka san Kirista ne, wasu suka nemi ransa. Babban malamin garin, Shehu Ahmad al-Bakkay, ya tsaya masa wata da watanni, ya ƙi ba da baƙonsa, har ya raka shi da kansa sa'ad da ya tashi a 1854. Su biyun sukan zauna su yi muhawara a kan addini, ba wanda ya bar nasa, ba kuwa wanda ya raina ɗan'uwansa. A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. Sai ga shi a Tarabulus a watan Agusta, 1855, bayan tafiyar da ta fi kilomita 15,000.

Yaron Dambanas

Barth bai koma shi kaɗai ba. Yana tare da samari biyu waɗanda Overweg ya 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne, daga Dambanas kusa da Kance, gabas da mu kaɗan. An kama shi yana yaro aka sayar. Ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi har Landan.

A Ingila akwai wani mai bishara, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa ba shi da mai gyara masa. Ya roƙa a bar masa samarin. Barth bai ji daɗin wannan ba, gama niyyarsa ya mai da su gida. Dorugu ya zauna gidan Schön shekaru, yana ba shi labarin ransa da tatsuniyoyi da kalmomi. An yi masa baftisma a 1857. A shekarun nan aka fara buga sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, Bisharar Matiyu tana cikin na fari. Cikakken Littafin bai fito ba sai 1932, amma harsashin aikin yana da hannun wannan yaro na ƙasarmu. Dorugu ya komo a 1864. A ƙarshen ransa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, can ya rasu a 1912.

Ƙarshen Kwanakinsa

Barth ya buga labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai 5, da Jamusanci da Ingilishi, a 1857 da 1858. Ba su sami kasuwa sosai ba. Mutanen Turai suna son labarin zaki da giwa, shi kuwa ya cika shafuffuka da sunayen ƙauyuka, da rijiyoyi, da jerin sarakuna, da farashin hatsi. Ya nuna musu cewa ƙasashen nan suna da tarihi, da malamai, da shari'a, da sana'a, abin da yawancinsu ba su so ji ba.

Shi kansa mutum ne mai wuyar zama. Yana da saurin fushi, yana ganin ana rage masa girma, ya ɓata da manyan Ingila ya koma Jamus. Bai yi aure ba. A 1863 aka ba shi aikin koyarwa a jami'ar Balin. Tafiya ta riga ta cinye lafiyarsa. Ya rasu ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Baƙi Biyu, Turba Ɗaya

Shekara 48 bayan Barth, wasu baƙi suka biyo turbobin nan. A 1899 hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka taso daga yamma da runduna. Ba su zo tambaya ba. Suka ƙone garuruwa, suka karkashe mutane a Birnin Ƙonni da ƙauyuka masu yawa, har rijiyoyi suka cika da gawa. Gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram.

Gaskiya ce, Turawan da suka zo cin ƙasa sun karanta littattafan Barth, sun kuma amfana da taswirorinsa. Rubutu kamar wuƙa yake, mai fawa ya riƙe, ɗan fashi ma ya riƙe. Amma dubi abin da kowannensu ya bari. Ɗaya ya shigo da gaisuwa a bakinsa, ya bar mana sunayen garuruwanmu a rubuce. Biyun suka shigo da wuta, suka bar kufai.

Abin da Ya Rage Mana

Yau kwalta ta ratsa Tasawa da Gazawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Mota ta karɓe yawancin aikin raƙumi. Mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe, dajin da 'yan ayari suka ji tsoro ya zama gona. Tsofaffin turbobi suna shiga cikin kunya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sare tsamiyar da ke nuna iyaka, bayan shekara biyu 'yan'uwa suna gaban sarki a kan taki uku na ƙasa. Wani ya ci burtali da garma, da kaka shanu su shiga gero, a zub da jini. Dokar ƙasa ta 1993 ta kāre burtali da mashaya, amma doka ba ta san inda burtali ya bi ba sai wani ya tuna ya faɗa.

Daga Gulbin Kaba har Korgom, daga Kanambakashe har Urafan, kowane ƙauye yana da tsoho ko tsohuwa da ta san waɗannan abubuwa. Ba za su daɗe tare da mu ba. A cikin Littafin Joshuwa an sa Isra'ilawa su ɗebo duwatsu 12 daga Kogin Urdun su kafa, domin in 'ya'yansu suka tambayi ma'anarsu, iyaye su ba su labari. Dutse ba ya magana. Sai yaro ya tambaya, babba kuma ya amsa.

Barth ya zo daga nesa, ya sha ƙishirwa da zazzaɓi kafin ya kai ga tsofaffinmu. Kai kuwa tsohon yana zaure ɗaya da kai. In akwai ɗan makaranta a gidanku, saya masa littafin rubutu. Ku je tare ku gai da kaka. Ku rubuta sunan kowace rijiya da wanda ya haƙa ta, kowane kufai da abin da ya tashe shi, kowace turba da inda ta nufa. Ku ajiye littafin inda gara ba za ta ci ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi Domin Hira a Gida

1. Wane ne ya kafa ƙauyenku, daga ina kuma ya taso?
2. Wace rijiya ce ta fi tsufa a ƙasarku? Wa ya haƙa ta?
3. Ta ina ayarin gishiri yake bi a dā, ina ne kuma zangonsa?
4. Waɗanne itatuwa ne suke nuna iyakar gonarku? Yaranku sun san su?
5. In baƙo ya sauka a ƙofarku yau, wanda ba addininku ɗaya ba, za ku riƙe shi kamar yadda shehun Tambutu ya riƙe nasa?